Tsintsiyar Hannun Bangon Sabo

Duk wanda ya ce ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan amma bai san Alhaji Manniru ba, ku bincika da kyau, wucewa ya yi a kan okada ido a rufe. Alhaji Manniru dillalin albasa ne a Kasuwar Shasha, amma wannan 'yar sana'a ce da yake taɓawa don kada maƙiya su ce ba ya komai. Ainihin aikinsa shi ne girma. Da shi yake tashi, da shi yake yini, kuma tsakani da Allah bai taɓa makara a wurin aikin ba. Shi ne ciyaman na Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Ƙwallon Sabo, shi ne uban ƙungiya, shi ne mai ba ciyaman shawara, sannan shi ne gola. Kada wani mahassadi ya ce son kai ne ya ba shi wannan muƙami na ƙarshe. Shi ya sayi riguna, shi ya sayi ƙwallo, shi ya sayi raga. To wa zai tsaya a gaban ragar mutum in ba mai ita ba?

Jama'a ne suka laƙaba masa Bangon Sabo, bayan ya tara su ya gaya musu sunan. An rubuta shi da manyan baƙaƙe a rigarsa ta wasa, har sai da tela ya ƙara ƙyalle gefe da gefe don rigar ta iya ɗaukar suna a baya, tumbi a gaba. Akwai wasu marasa tarbiyya da ke kiransa Tashar Ojoo a bayan idonsa, wai don babu abin da ba ya wucewa ta wurinsa. Alhaji bai taɓa jin wannan suna ba, mu ma ba mu faɗa ba.

Kullum bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, a ɗora shayi, a aika sayen tsire. Mutum biyu ba sa fashi. Akwai Jafaru, wanda Allah ya yi wa baiwar fara dariya tun kafin Alhaji ya kai ƙarshen zance. Akwai kuma Ɗantani, ɗan kamasho a kasuwar shanu, ƙato mai tafin hannu kamar faifai, wanda ya shekara da shekaru yana auna ƙibar bijimai da mari a gadon baya. Kun dai san al'adar majalisa: idan magana ta yi daɗi ba a barinta ta wuce haka nan, sai an miƙo hannu an tafa. To maganar Alhaji ba ta taɓa rashin daɗi ba, balle in tsire ya iso da zafinsa. Ya faɗa, Jafaru ya kece da dariya, Ɗantani ya ɗaga hannu sama ya sauke a kan na Alhaji, tas! Har masu keke da ke wucewa sai sun waiga. In Alhaji bai ji wannan ƙarar ba, gani yake bai yi magana ba.

Masifar ta faro ne ranar da Tsofaffin Sabo suka je wasan sada zumunci da direbobin Ojoo. Alhaji ya ɗauki hayar wani mai ɗaukar bidiyo, ya kafa shi a bayan raga, kusa da bencin da Jafaru da Ɗantani ke zaune riƙe da babbar rigarsa da gorar ruwansa. Ya ce masa, "Kada ka kuskura ka kau da kyamarar nan daga kaina. Sauran 'yan wasan rakiya suka yo. Tarihi a nan yake."

Ana dab da tashi aka ba direbobi fenareti. Wanda ya zo bugawa wani dattijon direban tirela ne da ko gudu ba ya iyawa. Ya ɗan taɓa ƙwallo, ta gangaro ta ɓangaren hagu, tana tafe tana hutawa. Shi kuwa Bangon Sabo a daidai lokacin ya hango wani babban baƙo ya iso bakin fili, ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Ƙwallo ta wuce ta gefen ƙafarsa, ta shiga raga, ta samu wuri ta zauna. Sai a lokacin Alhaji ya tuna da kyamara. Kai jama'a! Ba a taɓa ganin tsalle irin wannan ba a ƙasar Yarbawa. Ya tashi sama da tumbinsa da komai, ya yi dama, inda ko inuwar ƙwallo ba ta bi ba, ya sauko da dukkan girmansa a kan tsintsiyar hannunsa ta dama. Shi kaɗai ya ji wani abu ya ce ƙas.

Ya miƙe yana kakkaɓe ƙasa, yana murmushi, gumi na karyo masa. A lissafinsa abin ya faru da sauri, babu idon da zai iya tantance wanda ya riga tsakaninsa da ƙwallo, sai dai kyamara. Saboda haka ya ja mai bidiyo gefe ya ce a goge wannan wurin. Mai bidiyo ya dafa ƙirji ya ce, "An goge, Oga." Shi ke nan, tarihi ya gyaru.

Da yamma labarin ya iso Sabo a bakin mai shi.

"Ban taɓa ganin bugu irin wannan ba," in ji Alhaji. "Harsashi! Da wani golan ne da yanzu ana zaman makoki. Ni kuwa na tashi na sa mata hannu, ta ji ƙarfe, ta kauce. Iska ce ta ƙarasa da ita ciki. Hannun kuwa ko gezau bai yi ba."

"Bango!" in ji Jafaru yana riƙe ciki.

Ɗantani ya ɗaga hannu. Tas!

Duniya ta yi wa Alhaji duhu, ya ga taurari da sauran rana, hawaye suka cika masa ido. Da aka tambaye shi lafiya, sai ya ce albasa ce, takan biyo mutum har gida.

Hannu ya kumbura, ya sauka kaɗan, ya sake kumbura. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, har aka daina ƙirgawa. Buta ta gagara ɗauka. Murɗa mukullin mota sai an yi bismilla an rintse ido. Wadda ta fara gane komai ita ce matarsa, Hajiya Mahbuba, mai sayar da kunun aya da zoɓo daga cikin gida, macen da ko roba ɗaya ta tsage a firiza sai ta sani. Ranar da ta kawo masa amala da miyar ewedu, ta ga ya wanke hannu, ya dubi malmala, ya dube ta, ya ce a miƙo cokali.

"Cokali, Alhaji? A amala?"

"Hajiya, duniya ta ci gaba. Manyan 'yan wasa na ƙasashen waje ba sa sa hannu a abinci, domin hannun gola dukiyar al'umma ce."

"To dukiyar al'umma ta kumbura. Ka je asibiti a duba ta."

"Ba kumburi ba ne, tsoka ce ta taru wuri ɗaya saboda yawan aiki. Ke kin san zoɓo, ki bar mana ilimin jiki."

Hajiya ta ce to, irin to ɗin da ake ajiyewa don gaba.

Kada ku zaci bai yi tunanin zuwa ba. Ya yi, sosai ma. Ciwon ya hana shi sakat, kuma yatsunsa biyu sun fara mutuwa, yana tsunkularsu ba ya ji sosai. Tsoro na gaske ya kama shi, kada hannun ya shanye. Amma ku dubi abin da ke gaban bawan Allah. Likita sai ya tambayi yadda aka yi, kuma an ce suna da na'urar da ke ganin cikin mutum. Wa ya sani ko har faɗuwar take nunawa, da ɓangaren da ƙwallo ta bi? Sannan in suka naɗa masa farar filasta tun daga yatsu har gwiwar hannu, ai an sanar da Sabo da maƙwabciyarta Mokola ke nan cewa Bango ya tsage. Shi da ya taɓa faɗa a bainar jama'a cewa tun da aka haife shi sau ɗaya aka gwada yi masa allura, ta lanƙwashe, nas ta ba shi haƙuri! Maɗori kuwa ba ya cikin lissafi. Maɗorin unguwar a bakin titi yake aiki, kuma Alhaji ya taɓa jin ihun wani mahauci daga can har ƙofar gidansa.

Sai ya yanke shawarar kashe matsalar daga tushe. Tunda tafi ke tayar da ciwon, kuma magana mai daɗi ke jawo tafi, to zai daina magana mai daɗi. Ya zauna a majalisa ya yi gum, ya cusa hannu cikin babbar riga. Shayi ya zagaya. Can Jafaru ya ce wai an ce wani gola a Turai ya tare fenareti biyu jiya. Leɓen Alhaji ya fara rawa. Ya cije. Ya kalli sama. Ya kalli ƙasa. Ina!

"Biyu?" ya ce. "Biyu ake yi wa surutu? Ni akwai shekarar da na tare bakwai, ina fama da mura."

Tas!

Washegari ya gwada miƙa hagu. Hannun Ɗantani ya tsaya cak a iska, fuskarsa ta canza.

"Hagu, Ciyaman? Ni? Duk zaman da muka yi, me na yi maka da za ka ba ni hagu a gaban mutane?"

 Dole Alhaji ya ba shi haƙuri, ya ce gwada shi yake yi, ya fito da damar. Ɗantani kuwa don ya nuna babu komai a ransa sai ya ƙara wa tafin ƙarfi.

Ranar Juma'a ba a magana. Ana sallamewa dattawan Sabo za su yo kansa, kowa ya kama hannun ya riƙe, ba zai saki ba sai ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi mutanen Arewa, kowace tambaya da girgizarta. Alhaji na amsawa da lafiya lau, haƙora a cije. Har aka fara yabonsa a unguwa, wai tsoron Allah ya shige shi, kullum ya fito masallaci idonsa jawur.

Babban mutum ba ya yanke hukunci shi kaɗai kamar talaka, don haka Alhaji ya kafa kwamiti. Sunansa Kwamitin Nazari Kan Ko Ya Dace Babban Mutum Ya Ga Likita. Ya bayyana cewa ba don kansa ba ne, wani amininsa ne a Legas, shi ma gola, shi ma dillalin albasa, hannunsa ya ɗan motsu. Alhaji ne ciyaman, Jafaru da Ɗantani mambobi, kuma saboda nauyin aikin aka ƙara balangu a kan tsire.

"Ya ku 'yan kwamiti," in ji shi a jawabin buɗewa, "abin da ke gabanmu ba maganar hannu ba ce, maganar martaba ce. Idan aka ga mutum irin wannan aminin nawa a layin asibiti, riƙe da kati, tsakanin mai gudawa da mai ƙurji, ina makomar wasanni a ƙasar nan?"

Jafaru ya ba da shawarar man zafi, a shafa har sai fata ta yi ja. Ɗantani ya ce aminin ya riƙa shan romon ƙafar saniya, domin ƙashi ɗan'uwansa yake so, amma ya kamata kwamiti ya ɗanɗana romon tukuna don tabbatar da inganci. Aka kuma samo agbo, jiƙon Yarbawa, a wurin wata Iya ta bakin Mokola, gora guda mai ɗacin tsiya, wanda ta ce yana maganin hannu da basir da mugun mafarki. Alhaji ya gwada duka a madadin amininsa. Fata ta saluɓe, ciki ya ɓaci, hannu na nan yadda yake. Kwamiti ya zauna, ya sake zama, kuma kowane zama sai ya gano cewa batun na buƙatar ƙarin nazari. Ai kuwa dole, don ranar da aminin Legas ya ga likita, ranar balangu zai yanke. A ƙarshen kowane zama ciyaman ya yi jawabin rufewa mai daɗi, a tafa.

A Shasha ma abin bai bar shi ba. Wani manomi ya sauke motar albasa daga Arewa, suka yi ciniki suka daidaita, ya damƙi hannun Alhaji ya girgiza don a ƙulla. Alhaji ya saki wata ƙara da ta sa masu tumatir miƙewa tsaye, wata mai sayen attaruhu ta ce "Yeee, kilode?" ta yar da kwando. Manomi ya firgita, ya zaci farashin ne ya yi zafi, nan take ya sassauta. Da yamma Alhaji ya sanar da majalisa cewa ya ƙirƙiro sabuwar dabarar ciniki. Ba sai na gaya muku abin da ya biyo baya ba.

Abin da kwamiti ya kasa, mazagin wando ne ya yi shi. Tun da hannun ya lalace, Hajiya Mahbuba ce ke ɗaure wa Bangon Sabo mazagi kowace safiya, ta ɓalla masa maɓalli, ta kafa masa hula, sannan ya fito ya yi wa duniya girma. Wata safiya ya tsaya a tsakar ɗaki riƙe da wando da hagu, ita kuwa tana ta ɗura zoɓo a robobi, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Hajiya, ana jirana."

"Na sani."

"To?"

"To Alhaji, ni na gaji. Jiya ina kallonka kofin shayi ya suɓuce maka, ba ka ma ji ya suɓuce ba. Wallahi tsoro nake ji kada hannun nan ya mutu muna kallo. Ko dai yau ka je asibiti, ko ka aika a kira Ɗantani ya zo ya ɗaure maka. Ai ɗan kwamiti ne."

Alhaji ya ɗaga hannu zai yi jawabi, wando ya zame. Ya cafke. Jawabi ba ya yiwuwa hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kumbure. Nan take, ba tare da zaman kwamiti ba, aka cimma matsaya.

Amma ya tafi da dabara irin ta manya. Ya bar motarsa a gida, ya sa takunkumi da baƙin tabarau, ya ɗauki shatar keke zuwa wani ƙaramin asibiti can wata unguwa mai nisa, inda ya tabbata babu ɗan Sabo ko na magani. A wurin yankar kati ya ce sunansa Malam Hashim, baƙo ne daga Arewa, jiya ya sauka. Bayaninsa kuwa tun a hanya ya shirya shi tsaf: harsashi, tsalle, ƙarfe, iska.

Likitar da aka shigar da shi wurinta Bayarabiya ce, Dakta Muhibbat, kuma cikin rashin sa'a a Mokola ta tashi, Hausa a bakinta raɗau.

"Sannu Baba, pele. Cire takunkumin in ji ka sosai. Yaya aka yi?"

Alhaji ya cire takunkumi, ya cire tabarau, ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "'Yata, abin da za ki ji yanzu ba kowane likita ke samun sa'ar..."

Ta zuba masa ido. Ta sa hannu ta rufe baki.

"Laa! Tashar Ojoo!"

"Wa?"

"Kai ne! Wallahi kai ne! Sista, oya, ku zo ku gani!"

Nas biyu suka leƙo. Ɗaya ta dafa ƙofa tana ƙyaƙyatawa, ɗayar mai tarbiyya ce, sai da ta rusuna ta gaishe shi sannan ta bi sahu.

"Ba sai ka wahalar da kanka da bayani ba, Baba," in ji likita, ta ɗauko wayarta. "Ni tun ranar da na ga faɗuwar nan na ce mutumin nan ya tsaga ƙashi. Ina ka shiga tun lokacin?"

Ta kunna. Ga Alhaji yana ɗaga wa baƙo hannu. Ga ƙwallo tana tafe tana hutawa. Ga ta ta zauna. Ga tsalle, an rage masa gudu, an sa masa kiɗa, an maimaita shi an sake maimaitawa. Mai bidiyo ya cika alkawari, ya goge a kyamararsa, bayan ya tura wa duk wanda ya sani. Amma ba wannan ne ya kashe wa Alhaji jiki ba. Daga bayan raga, dab da kyamara, wata dariya ce ta tashi tun kafin ya sauko ƙasa, dariyar da ya daɗe yana ciyarwa da tsire. Sai wata murya mai kauri ta ce, "Tashar Ojoo, a sauka lafiya!" Sai kuma, tas!

Alhaji ya kau da kai daga wayar. Idonsa ya kawo ruwa, kuma wannan karon bai ɗora wa albasa ba. Abin ya yi masa ciwo fiye da hannun.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Na'urar ba ta nuna ɓangaren da ƙwallo ta bi ba, don babu mai buƙata. Likita ta ɗaga hoton a haske ta ɓata fuska.

"Wani ɗan ƙaramin ƙashi ne ya tsage. Da ka zo da wuri da yanzu ka manta. Amma da alama kullum ya fara haɗewa sai wani abu ya sake buɗe shi. Da ka ƙara jinkiri, da sai an yi aiki. Baba, gaya mini gaskiya, wa ke dukanka a hannun nan?"

"Masoya," in ji Alhaji a hankali.

Aka naɗa filasta tun daga tafin hannu har gwiwa, fara fat, ta bushe ta yi tauri. Kafin ya fita sai da nas-nas suka ɗauki hoto da shi.

Za ku zaci zai ɓuya a ɗaki. Ashe ba ku san Alhaji Manniru ba. Washegari da la'asar ya fito cikin babbar riga mai yalwa, hannun a lulluɓe a ciki. Aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi, Jafaru da Ɗantani suka iso a kan kari.

"Albishirinku," in ji Alhaji. "Aminin nan nawa na Legas ya ga likita. Likita ta ce tun da ta fara aiki ba ta taɓa ganin ƙashi irin nasa ba. Ko bakinsa bai buɗe ba ta gane shi. Ma'aikata har layi suka yi suna ɗaukar hoto da shi. Ta ce kaf garin babu wanda bai san tsallensa ba."

Jafaru ya riga ya kai ƙasa. Ɗantani ya ce, "Sai Bango!" Ya ɗaga hannu har sama da kai, ya tattaro duk ƙarfin da yake auna bijimai da shi. Alhaji ya jira shi ya taso sosai, sannan ya zaro dama daga cikin riga ya miƙa masa cikin ladabi, kamar yadda al'ada ta tanada.

Ba tas aka ji ba, ƙwas aka ji. Ɗantani ya daka tsalle, ya cusa hannu a hammata, ya kama zagaya tabarma yana salati, hawaye shaɓe-shaɓe. Dariyar Jafaru ta maƙale a wuya.

"Albasa ce," in ji Alhaji, ya ɗauki shayinsa da hagu. "In bai sauka ba, sai mu kafa kwamiti."

Tun da Bangon Sabo ya fara tsaron raga, wannan ne abu na farko da ya taɓa tarewa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, babu mai kyamara ko ɗaya.